Wanda Ya Durƙusa wa Buhu

Ranar Litinin ce, an kwana ana ruwa kuma gari ya waye bai ɗauke ba. Filin makaranta ya zama taɓo, sai aka tara 'yan aji biyar na sakandare a zauren taro, kowa da jiƙaƙƙen takalmi, gilasan tagogi duk sun yi gumi. Gingimari yana layin baya, ya miƙe ƙafafu har ƙarƙashin kujerar na gabansa. Ya samu sunan ne tun yana aji biyu, ranar da ya ɗora tebur biyu a ka ya hau bene da su. Shekararsa goma sha bakwai, kuma ya riga ya yanke a ransa cewa wannan zangon ne nasa na ƙarshe. Ba daƙiƙi ba ne, zaman ne ba ya iyawa. Minti arba'in a kujera ɗaya ya fi masa buhu arba'in nauyi.

Malamar motsa jiki ta shigo da tarin takardu a hammata. Gajeriya ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, kuma ɗalibai suna kiranta Malama Usur saboda usur ɗin da ba ya barin wuyanta. Ta busa sau ɗaya, zauren ya yi tsit.

"Bana an daina kora ku fili kamar awaki a wurga muku ƙwallo ɗaya," in ji ta. "Kowa zai zaɓi darasinsa, kuma da maki, kamar lissafi. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai guje-guje, akwai ninkaya, akwai tafiya da numfashi, akwai ɗaga ƙarfe. Na ƙarshen nan mutum takwas kawai zan ɗauka, don sandunan ƙarfe biyu gare mu. Za a yi gwajin mako shida. Wanda bai shiga ba, sai ajin tafiya da numfashi."

Tsinke, abokinsa da ke zaune a gefensa, ya karɓi fom ya duba. "Ni dai numfashi zan zaɓa. Tun da aka haife ni nake yi, ban taɓa faɗuwa ba."

Gingimari bai yi dariya ba. Idonsa na kan layi na biyar. Shekara biyar yana cikin makarantar nan, yau ne karo na farko da ya ga an rubuta abin da ya iya a takarda. Ya danna biro a cikin akwatin har ya huda fom ɗin.

Da yamma ya tarar da Baba kwance rub da ciki a tsakar ɗaki, ƙanwarsa Auta tana taka masa baya da ƙafafu, ta dafa bango. Haka ake yi kullum in ya dawo daga sito, inda yake dakon buhunan suga da fulawa shekara ashirin da shida. Umma tana guga a kan tebur. Gingimari ya karanta musu fom ɗin, ya ce ana son sa hannun mahaifi.

Baba ya yi dariya har Auta ta kusa zamewa. "Makaranta ce za ta koya wa ɗana ɗaukar kaya? Yaron da yake bi na sito duk Asabar tun yana sha biyu? Ƙasa kaɗan, Auta. Yauwa, nan."

"Ko tsalle-tsalle za su koya masa, ni dai ya ƙarasa," in ji Umma. "Shekara ɗaya da rabi ta rage."

"Ai shi ya ce ya gaji. Heluma ma ya ce in ya shirya, akwai gurbi," in ji Baba. Heluma shi ne shugaban leburorin sito, shi ke nuna waɗanda za su yi aiki kowace safiya.

Gingimari ya dubi Umma, ya dubi Baba. "In na shiga cikin takwas ɗin, zan zauna in ƙarasa. In ban shiga ba, ba zan tsaya ina zagaya fili ina shaƙar iska da su Tsinke ba. Sito zan tafi."

"Magana ta ƙare," in ji Baba, ya miƙo hannu daga kwance aka ba shi biro. Umma ta ajiye dutsen guga da ƙarfi. Dukansu uku sun ɗauka an gama, don wa zai kayar da Gingimari a ɗaukar nauyi?

Ɗakin ƙarfen tsohon ɗakin ajiya ne a bayan ɗakin gwaje-gwaje, an shimfiɗa roba a ƙasa, an jingina madubi mai tsaga a bango. Mutum ashirin da uku suka zo, har da mata biyar. Malama Usur ta ce kowa ya ɗaga sandar daga ƙasa zuwa cinya, ta ga yadda yake yi. Da aka zo kan Gingimari, ya jera faifan ƙarfe har kilo ɗari da goma. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sandare ƙafafu kamar turaku, ya sunkuya, ya fizge ƙarfen sama da baya ɗaya. Ɗakin ya kaure da ihu. Wani ya buga ƙofa da hannu yana kiran sunansa.

Malama ta rubuta wani abu a takardarta, ta juyo masa da ita. Sifili.

"Malama, ɗari da goma ne fa."

"Na iya ƙirga. Ajiye." Ta je lungu ta ɗauko sandar mofa, abin goge ƙasa, ta miƙa masa. "Wannan ce taka har sai na ce. Ka ɗora ta a bayanka. Wuri uku za ta taɓa: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙugu. Ka lanƙwasa gwiwa, ka tura ƙugu baya, ka sauka ka taɓa ƙarfen. In sandar ta rabu da wuri ɗaya, ba ka yi ba."

Ya gwada. Kafin hannunsa ya kai gwiwa, sandar ta tashi daga ƙugunsa tana lilo. Ya sake, ta sake tashi. Wata yarinya da ake kira 'Yar Likita, wadda ko jakar makarantarta direba ke riƙe mata, ta yi a karo na biyu, sandar ta manne mata kamar an ɗinka. Masu ihun ɗazu suka koma ƙunshe dariya.

Mako biyu aka yi a haka. Sauran suka koma kan ƙarfe marar faifai, sannan aka fara sa musu faifan kilo biyar-biyar, shi kuwa yana gaban madubi da sandar mofa. Tsinke yakan leƙo ta taga in ajinsu na tafiya ya zo wucewa. "Ranka ya daɗe, in ka gama a goge mana ajinmu!" Sau biyu Gingimari ya ɗauki jakarsa zai fita, sau biyu ya ajiye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ba ƙarfi ya rasa ba. Kansa ya gane abin da ake so sarai, gwiwoyinsa ne suka ƙi. Da ya zo sauka sai su ƙame da kansu.

Ranar Alhamis ta mako na uku Malama ta tsayar da shi bayan kowa ya fita.

"Wa ya koya maka ɗaukar kaya?"

"Babana. Da Kawuna. A sito."

"Me ya sa ba ka lanƙwasa gwiwa? Ciwo take yi?"

Ya daɗe yana juya sandar a hannu kafin ya amsa. "A wurinmu, Malama, ba a durƙusa wa buhu. A tsaye ake fizgarsa. Ranar da aka ga mutum ya lanƙwasa gwiwa kafin ya ɗauka, an san ya gama. Ba mai ce masa komai. Washegari dai Heluma zai nuna na damansa, ya nuna na hagunsa, ya tsallake shi."

Ta gyaɗa kai, ba ta yi dariya ba. Ta ja shi gaban hoton ƙasusuwan mutum da ke manne a bango, ta nuna masa jerin ƙashin baya da ɗan abu mai taushi da ke tsakanin kowane biyu. Ta ce duk fizga ɗaya da sunkuyayyen baya, wannan abin ake matsewa ta gefe guda, kuma ba ya kuka sai ya riga ya lalace.

"Shekarun babanka nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"Yana iya ɗaure igiyar takalminsa?"

Gingimari ya tuna rabon Baba da takalmi mai igiya tun Auta tana goye.

"Ba zagin babanka nake yi ba," in ji Malama. "Ya ciyar da ku da bayan nan. Amma ka ji gaskiya: abin da na gina maka kwana biyar, Asabar ɗaya kake rushewa. Buhu nawa kake ɗauka?"

"Kamar tamanin."

"To jikinka tamanin ɗin zai saurara, ba ni ba. Ko ka daina zuwa, ko ka ɗauka a can yadda nake koya maka a nan. In ba haka ba, kada ka wahalar da kanka zuwa gwaji."

Daina zuwa ba ta taso ba. In bai je ba, rabonsa na buhunan kan Baba zai koma, don su biyun layi ɗaya ake ba su.

Asabar da safe mota ta ja baya har bakin sito, aka buɗe ƙyauren ƙarfe. Buhunan suga ne masu kilo hamsin, jere a ƙasa, za a loda su. Leburori goma sha ɗaya suka ɗaure ƙugu da tsumma, Kawu yana ba da labarin da ya bayar makon jiya, ana dariyar da aka yi makon jiya. Heluma ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa yana nuna layi. Baba ya fizgi na farko ya wuce. Gingimari ya tsaya a kan nasa.

Ya ware ƙafafu, ya tura ƙugu baya, ya lanƙwasa gwiwa ya sauka, ƙirji a buɗe, ya rungumi buhun, ya tashi da ƙafafu.

Kawu ne ya fara gani. Labarin ya tsaya masa a baki. "Kai! Ɗan yaya, gaisuwa kake yi wa buhun? Ya amsa?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kawo wa tsoho kujera. Wani ya ce a'a, buta za a kawo masa. Gingimari ya kai buhun mota, ya dawo, ya sake durƙusawa. A na uku dariyar ta ragu, don sun ga ba wasa yake yi ba. Baba ya dawo daga mota ya tsaya a gabansa, gumi na bin gemunsa.

"Bayanka ne?" ya tambaya a hankali.

"Lafiyata ƙalau, Baba."

"To miƙe ka ɗauka kamar ɗana."

"Haka aka ce in riƙa yi."

"Wa ya ce? A nan? Gaban mutanen da suka san ni tun ba a haife ka ba?" Muryarsa ba ta tashi ba, amma jijiyar wuyansa ta fito. "Shekara ashirin da shida ban taɓa kai gwiwa ƙasa a ɗakin nan ba. Ko ranar da aka yi mini allura biyu na zo, a tsaye na ɗauka."

"Na sani, Baba."

Ya ce ya sani, sannan ya sauka ya ɗauki na huɗu yadda ya ɗauki na uku. Baba ya dube shi, ya juya, bai ƙara kallon inda yake ba.

Sabon salon ya ci masa lokaci. Kafin ya kai biyu, na kusa da shi ya kai uku. Wajen buhu na talatin cinyoyinsa suka fara rawa kamar ba nasa ba, don wuraren da ba su taɓa aiki ba ne suke aiki. A na arba'in da wani abu buhu ya zame ya danne masa babban yatsa a bakin mota, farcen ya yi baƙi nan take. Ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Sau ɗaya jikinsa ya manta, ya sunkuya zai fizga, hannunsa har ya kama kunnen buhun. Ya saki, ya miƙe, ya sake sauka daga farko. Sauran sun gama sun zauna a inuwa suna kallonsa, direba yana ta danna ham. Ya ƙarasa layinsa, tamanin da biyu, bai bar wa Baba ko ɗaya ba.

Heluma ya kira shi gefe. Mutum ne marar hayaniya. "Yaro, ƙarfi kam kana da shi, ban musa ba. Amma ka tsayar mini da mota minti ashirin, kuma yaran nan na bayanka suna kallo. Gobe kowa ya ce zai tsuguna, ni in ce wa mai kaya me? In ka warke daga abin da ke damunka, ka dawo. Zan haɗa babanka da wani."

A hanyar gida Baba yana gaba, shi yana baya, tsakaninsu kamar tsawon mota. Da suka shiga, Baba ya kwanta, Auta ta hau bayansa. Umma ta dubi yatsan, ta dubi fuskokinsu, ta ɗauko ruwan zafi da gishiri ba tare da ta tambaya ba.

"Yaya, wai an ce ka tsufa?" in ji Auta daga kan bayan Baba. Umma ta harare ta.

Tun daga ranar Baba bai ƙara yi masa magana ba. In zai aike shi sai ya ce wa Auta, "Gaya wa yayanki." Gingimari kuwa ya mayar da komai na gidan abin gwaji. Bokitin ruwa, tukunyar gas, kwandon wanki, ita kanta Auta, duk sai ya sauka da gwiwa kafin ya ɗauka. Ya cire sandar mofar Umma yana yi a bayan gida kafin ya tafi makaranta, sau hamsin, har maƙwabciya ta tambayi Umma ko lafiya. A mako na biyar Malama ta zagaya shi sau biyu, ta karɓi sandar daga hannunsa ta mayar lungu, ta nuna masa ƙarfe marar faifai.

Ranar gwaji ɗakin ya cika har taga, don labari ya zagaya cewa Gingimari zai dawo kan ƙarfe. Dokar mai sauƙi ce: kowa ya zaɓi nauyin da yake so, ya ɗaga sau uku, Malama na riƙe da sanda a bayansa. In ta rabu sau ɗaya, an faɗi. Wani ƙaton ɗan ajinsu ya sa casa'in, ya ɗaga biyu lafiya, a na uku bayansa ya lanƙwashe, usur ya yi ƙara. 'Yar Likita ta ɗaga talatin sau uku ta koma ta zauna tana gyara ɗankwali.

Aka kira shi. 'Yan taga suka fara bugawa: "Ɗari da ashirin! Ɗari da ashirin!" Ya tsaya gaban tarin faifan. Ya san zai iya ɗari da ashirin, yau ɗin nan, in dai a tsaye ne. Ya kuma san inda bayansa yake fara ƙaryata shi in ya sauka da gwiwa, don ya gwada. Ya ɗauki faifai biyu masu ashirin-ashirin, ya zura a sandar. Da nauyin sandar, sittin ke nan.

"Haba!" in ji wani daga taga. "Gingimari ya koma baro!"

Dariya ta tashi. Ya ji sanyin sandar mofa a ƙeyarsa, da tsakanin kafaɗu, da ƙugu. Ya ja numfashi, ya sauka, ya tashi. Ɗaya. Ya sauka, ya tashi. Biyu. A na uku yatsan ya soke shi, hannun dama ya ɗan saki, kuma nan take tsohon halin ya taso: gwiwoyi suka nemi ƙamewa, baya ya nemi karɓar kayan. Ya tsaya cak da ƙarfen a ƙasa, bai ɗaga ba. Ya gyara riƙo, ya tura ƙugu baya har ya ji sandar ta zauna, ya taka ƙasa da dugadugansa ya miƙe.

Malama ta janye sandar. Sai bayan kowa ya yi ta karanta sunaye takwas. Nasa ne na bakwai, a ƙasan 'Yar Likita.

Tsinke ya tare shi a ƙofa. "Sittin? Mutumina, ai da ka ce in zo in taya ka da numfashi."

Akwai fom na biyu, na shiga ajin, shi ma yana son sa hannun mahaifi. Ya kai gida da yamma ya ajiye a gaban Baba, ya ɗora biro a kai. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Baba ya daɗe yana kallon takardar.

"Nawa ka ɗaga?" Maganarsa ta farko ke nan gare shi tun Asabar ɗin sito.

"Sittin."

"Buhu ɗaya da 'yan kai." Baba ya girgiza kai. "Kuma suka ɗauke ka."

"Sun ɗauke ni."

"Ni ban gane makarantar nan ba." Ya jawo takardar ya sa hannu, ya tura masa. "Magana dai na yi, ba zan janye ba. Ka ƙarasa. Amma kada ka ƙara zuwa mini sito."

Litinin Gingimari ya koma aji, ya zauna a layin baya, ya yi minti arba'in na lissafi yana karkaɗa ƙafa, don sai an wuce shi ake zuwa ɗakin ƙarfe. A mako shidan nan ya rasa farcen babban yatsa ɗaya, da gurbinsa a layin sito, da kilo hamsin daga abin da aka san shi da ɗagawa, da masu ihun sunansa a taga, da kwana ashirin na maganar mahaifinsa.